Kulle, Takunkumi da Tallafi: Harshen Mulki a Nasarawar Kaduna Zamanin Annobar Korona

Ranar Alhamis, 26 ga watan Maris 2020, Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da umurni kowa ya zauna a gidansa dare da rana sabo da annobar Korona. Ba a sassauta wannan umurni sosai ba sai ranar 9 ga Yuni, watau bayan kwana 75. Likitoci sun yi nasu bayani a kan cutar, masana tattalin arziki kuma sun yi nasu a kan hasarar da aka yi. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu ɗauki unguwa guda ɗaya, mu duba wace hukuma ce ta yi magana da mutanenta a cikin waɗannan kwanaki, da kuma irin kalmomin da aka yi maganar da su. Gama doka ba ta isa kunnen talaka sai ta bi ta bakin wani, kuma kalmar da aka zuba ta a ciki tana da nata tsohon kaya wanda ta ke ɗauke da shi tun kafin dokar ta zo.

Unguwar da muka zaɓa ita ce Nasarawa, wadda ke kudancin kogin Kaduna, ba Nasarawar Kano ba, ba kuwa jihar da ke da wannan suna ba. Tana maƙwabtaka da Kakuri da Tirkaniya da Kudenda, kuma babbar hanyar nan da ta kewaye gari ta yamma, mai sunan Nnamdi Azikiwe, ta bi ta gefenta. Masaƙu ne suka cika ta da mutane. Tun da aka buɗe Masaƙar Kaduna a Kakuri cikin 1957, sa'an nan wasu manya suka biyo baya cikin shekarun 1960, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ko'ina suna neman ɗakin haya kusa da wurin aiki. Ga Gbagyi masu ƙasa tun asali, ga Hausawa da Fulani, ga Bajju da Atyap da Ham da Adara daga kudancin jihar, ga Tibi da Idoma da Igala da Nufawa, ga Yarabawa da Ibo. Da masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya a farkon wannan ƙarni (Masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002), mutanen ba su watse ba. Mai albashin jiya ya koma acaɓa, ko tireda, ko ɗinki, ko leburanci, matarsa tana tuyar ƙosai a bakin hanya. Zama ne na hannu baka hannu ƙwarya, wanda in ba a fita yau ba, ba a ɗora tukunya yau ba.

Abin da ya sa wannan unguwa ta dace da mai nazarin harshe shi ne, Hausa ce harshen kasuwa da na titi, har da na wasu majami'u, alhali kuwa ga mutane da yawa ba ita ce harshen da suka sha a nono ba. Sabo da haka kalma ɗaya ta kan faɗa cikin kunnuwa iri iri.

Wa ke mulkin Nasarawa?

Birnin Kaduna ba shi da hukumar gari guda ɗaya a lokacin da annobar ta zo. An raba shi tsakanin ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Nasarawa tana cikin Chikun, ita da Sabon Garin Tirkaniya mazaɓu biyu ne daga cikin 12 na wannan ƙaramar hukuma. Hedkwatar Chikun kuwa tana Kujama, can kan hanyar Kachia. Mutumin Nasarawa da ke da magana da ciyaman sai ya ratsa Sabon Tasha, ya wuce Maraban Rido, kafin ya kai sakatariya, ga ta Kaduna ta Kudu kuwa nan kusa da shi a Makera, amma ba tasa ba ce. Chikun ƙasa ce mai faɗi, ta haura murabba'in kilomita 4,000, galibinta ƙauyuka da daji, kuma a ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 360,000 a cikinta. Watau hukuma ɗaya ce a ke so ta kula da manomin Gwagwada da ɗan hayar Nasarawa, alhali damuwarsu ba ɗaya ba ce.

Bisa ga Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa duk aikin ƙaramar hukuma ne, kuma tana da hannu cikin kiwon lafiya. In mai karatu ya lura, waɗannan su ne ainihin wuraren da annoba ke bi. Amma a Kaduna manyan kasuwannin gari suna hannun wani kamfani na gwamnatin jiha, asibitocin mazaɓu kuma suna ƙarƙashin hukumar lafiya ta jiha. Da Korona ta zo, daga Gidan Sir Kashim Ibrahim aka yi magana. Mataimakiyar Gwamna, Dr. Hadiza Balarabe, wadda likita ce, ita ta yi jawabin rufe jihar, kuma ita ta riƙe al'amura bayan da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya bayyana ranar 28 ga Maris cewa ya kamu, har zuwa 22 ga Afrilu da ya ce ya warke. Dokokin da aka dogara da su tsofaffi ne ƙwarai, Dokar Kiwon Lafiyar Jama'a mai asali tun 1917 da Dokar Killace Masu Cuta ta 1926. Ta farkon ta girmi murar nan ta 1918 da shekara guda, murar da ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa, ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. A wancan zamani Kaduna tana hannun Kantoma, kalmar da Hausa ta sarrafa daga sunan muƙamin Baturen da ke shari'a a bariki, kuma ita ce har yau a ke kiran wanda aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba da zaɓe ba.

To, a nan ne nahawu ya shigo cikin maganar mulki. Hausa tana da wakilin suna wanda ba ya nuna mai aiki: an, aka, ana, a ke, za a, a. Takardar gwamnati da Turanci ta kan fito da suna da hatimi da sa hannun jami'i. Amma kafin ta kai bakin famfo ko majalisar mai shayi, sunan ya faɗi a hanya, sai a ji "an kulle gari", "an hana Juma'a", "an ce za a raba abinci", daga baya kuma "an raba, ba a ba mu ba". Wa ya kulle? Wa ya raba? Jimlar ba ta faɗa ba, kuma ba ta bukatar ta faɗa. In aka matsa wa mai magana sai ya ce "hukuma" ko "gwamnati", kalmomi biyu da suka haɗe Abuja da Kaduna da Kujama, da ɗan sanda da ɗan sintiri, cikin buhu ɗaya. Mutumin da bai san wanda ya yi masa abu ba, ba shi da ƙofar da zai kai kuka. Mai shela na dā kuwa ba ya fara magana sai ya ce Sarki ya gaishe ku, domin kowa ya san daga inda umurni ya fito, ya kuma san zai bi ta mai unguwa da dagaci da hakimi in yana da ƙorafi. Wannan tsani bai ɓace ba, amma an rage masa matakai. A 2017 Gwamnatin Kaduna ta mai da gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, dubban dagatai kuma suka sauka. Ko mene ne hujjar tsimin kuɗi da aka bayar, bayan shekara uku an wayi gari ana bukatar bakuna da yawa da za su shiga lungu lungu, aka tarar sun ragu.

Kulle

Sunan cutar kansa bai ba da wahala ba. Kafofin labarai sun gwada "cutar sarƙewar numfashi" da "murar mashaƙo", amma jama'a suka tsaya a kan Korona, gajeriya mai daɗin faɗi, wadda ta zauna daidai da tsarin gaɓar Hausa. Gara ma da haka ta faru, gama da cutar maƙogwaro ta ɓarke a Kano a 2023, mashaƙo aka kira ta, da kuwa an riga an ba Korona wannan suna da an sami ruɗani. Kalmar annoba ita ma a shirye ta ke tun da daɗewa, aro ce daga Larabci, kuma ta zo da fiƙihunta. Duk almajirin da ya yi nisa ya san hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita, ya san labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham sabo da annoba. Don haka rufe iyakar jiha bai zama baƙon abu ga malamai ba, musamman da labarin yawan mace-mace ya fito daga Kano cikin Afrilu, kuma aka sami masu cutar cikin almajiran da aka maido Kaduna daga can. Rufe masallaci da coci shi ne ya yi nauyi. Tun ranar Juma'ar farko aka kama waɗansu limamai a cikin gari sabo da sun tara jama'a, kuma Ista ta 12 ga Afrilu, da azumin da ya kama 24 ga Afrilu, da Ƙaramar Salla, duk a cikin dokar suka wuce.

Dokar kanta an kira ta da sunaye uku. Akwai "dokar hana fita", wadda mutanen Kaduna suka sani sarai tun rikicin 2000 da na 2002 da na 2011, kuma a kunnensu tana tafe da soja da harbi. Akwai "zaman gida", mai laushi. Akwai kuma "kulle", wadda ta rinjayi sauran, ko da ya ke a bakin samari an ji "lokdawun".

Masu koyar da nahawu za su so su lura da wani abu a nan. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, aji na huɗu shi ne mai ƙarewa da wasalin -e, kuma sau da yawa yana nuna aikin da ya game abu duka, bai bar saura ba. In ka ce ya saya, ka ce ya saye, ka san bambancin. To, dubi aikatan da aka yi mulkin annoba da su: kulle, rufe, killace, keɓe, tsare, tare. Dukansu 'yan aji na huɗu ne. Harshen bai ba dokar wata kafa ba, in an kulle an kulle ke nan. Da gwamnati ta fara ba da kwana biyu a mako, daga baya uku, domin a fita a sayi abinci, sai jama'a suka ce "an buɗe", wanda shi ma ɗan wannan aji ne, suka kuwa fito gaba ɗaya kamar an ɓalle bakin dam. Cunkoson da aka yi kwana biyar ana gudu sai a tara shi a kwana biyu. (Ga malamin da ke koyar da ɗaliban da Hausa ba harshensu na farko ba ce, kulle da ƙulle misali ne mai kyau na bambancin k da ƙ, gama a Hausar titin Kaduna sau da yawa ƙugiyar ta kan ɓace. Ana kulle ƙofa da makulli, ana ƙulle kuɗi a bakin zane.)

Amma nauyin kalmar ya fi ƙarfi ta wajen suna. Kafin 2020, in aka ce kulle a ƙasar Hausa, zaman matan aure a cikin gida a ke nufi. Kulle kuwa yarjejeniya ce mai ɓangare biyu: mace ta zauna, miji ya fita ya kawo ci da sha da itace da ruwa. Wanda bai iya ciyarwa ba, ba ya kulle. Bahaushen Nasarawa da ya ji gwamnati ta sa kulle, ya ji rabin magana ne, yana jiran sauran rabin, watau cefane. An yi ta raha a kan cewa maza sun ɗanɗana abin da mata ke sha, amma a ƙarƙashin rahar akwai hukunci na sosai: wanda ya kulle ka, ciyar da kai ya hau kansa. Maƙwabcinsa Baju ko Tibi, wanda matarsa ke da rumfa a kasuwa, bai san kalmar ta wannan fuska ba. Shi abin da ya ji shi ne kulle irin na ofishin 'yan sanda, inda a ke kulle mai laifi. Kowanne daga cikinsu ya fahimci wani abu na gaskiya game da dokar, kuma ba ɗayansu da ya ji abin da likita ke nufi, watau a raba jiki da jiki har cutar ta rasa wanda za ta kama.

Ranar Litinin, 6 ga Afrilu, kwana goma sha ɗaya da fara dokar, abin ya kai ga jini. Litinin ita ce ranar babbar kasuwar Kakuri. Da aka hana ta ci, masu kayan gwari da masu saye suka koma Tirkaniya suka baje. 'Yan sintiri suka zo korarsu, rigima ta tashi, 'yan sanda suka iso, aka yi harbi, aka rasa rayuka. A tsakiyar watan nan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoto cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a Nijeriya cikin makonni biyun farko na dokar, 12 daga cikinsu a Jihar Kaduna, har da waɗanda suka mutu a tarzomar gidan yarin Kaduna. A ranar da rahoton ya fito, waɗanda aka tabbatar Korona ta kashe a ƙasar duka ba su kai wannan adadi ba. A ganina abin da ya faru a Tirkaniya ciwon rashin ƙaramar hukuma ne. Tumatir da alayyafo ba su san doka ba, in an tsinko su sai a sayar ko su ruɓe. Sarkin kasuwa da kansila da mai unguwa sun san haka, sun san kuma wane fili ne zai ɗauki mutane a warwatse. Dabarar da gwamnati ta koma gare ta daga baya, ta buɗe ƙananan kasuwanni na wucin gadi a filayen makarantun unguwanni, dabara ce mai kyau, irin wadda mai zama cikin unguwa zai kawo tun ranar farko in an tambaye shi.

Takunkumi da tazara

Da aka ƙara wa dokar kwana 30 daga 26 ga Afrilu, sai aka wajabta rufe baki da hanci, kotunan tafi-da-gidanka kuma suna cin tarar masu saɓawa. Kalmar da ta bazu ita ce takunkumi. Ta wajen siffa ba ta da laifi, gama abu ne da a ke ɗaurawa a baki. Amma wa a ke sa wa takunkumi? Jaki, don kada ya ci amfanin gona, da raƙumi mai cizo, da kurar gardi. 'Yan jarida kuma sun daɗe da aron ta ga hukuncin da manyan ƙasashe ke ƙaƙaba wa wata ƙasa. Ko ta ina ka juya ta, abu ne da mai ƙarfi ke sa wa wanda ya raina ko ya ke tsoro, ba wanda ya taɓa sa wa kansa. Ga Hausa kuwa da amawali, wanda sarakuna da malamai ke rufe baki da shi don daraja, ga niƙabi, ga ma "ƙyallen rufe hanci" da wasu gidajen rediyo suka yi ta faɗa. Ba na cewa da an canja suna da kowa ya sa. Zafi da tsada da ganin manya sun saukar da nasu a haɓa sun isa su hana. Amma mai neman mutum ya yi abu da son ransa ba ya fara da kiransa jaki. Telolin unguwa dai sun sami ɗan abin yi, suna ɗinka na atamfa.

Ba da tazara fassara ce mai tsabta, ba abin da za a ce da ita. Matsalarta gidan haya ne. A gidan da ɗakuna ke jere suna duban juna, iyali goma suna bin ban ɗaki ɗaya da igiyar shanya ɗaya, tazarar mita biyu magana ce ta rediyo. Haka wanke hannu da ruwa mai gudu, a inda ruwan jarka a ke saye wurin 'yan garuwa. Da a ce duba-gari na nan da ƙarfinsa kamar zamanin En'e, mai shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, da shi ne zai gaya wa na sama abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Killacewa kuma, wadda asalinta kewaye fili ne da shinge ko zana, ta zama abin tsoro. Cibiyar da a ke kai masu cutar tana nan Kakuri, kusa ƙwarai, kuma a al'adar da dubiya ta ke wajibi, ciwon da za a ɗauke ka a hana 'yan'uwa ganinka ya sa mutane da yawa sun gwammace su kira zazzaɓinsu maleriya su yi shiru.

Tallafi

Gwamnatin jiha ta ware Naira miliyan 500 don sayen abinci, aka fara rabo cikin Afrilu ta hannun kwamitocin unguwanni, Chikun tana cikin wuraren farko. An kuma yanki kashi 25 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da ke ɗaukar Naira 67,000 zuwa sama, manyan masu muƙami kuwa rabin nasu. Kuɗin da yawa a baki. Amma jihar tana da mutum fiye da miliyan 6 tun a ƙidayar 2006, in da za a raba wa kowa, ba wanda zai sami Naira 100. Tilas ke nan a zaɓa, kuma a wurin zaɓen ne kalma ta sake yin aiki.

Tallafa ita ce sa hannu a ƙarƙashin abin da zai faɗi, kamar kan jariri ko kayan da ya rinjayi mai ɗauka. Ɗan tallafi kuma shi ne yaron da ka ɗauka ka rena kamar naka. Kalma ce mai ɗumi, tana ɗauke da alkawarin riƙo har a miƙe. Mudun shinkafa da ƙullin wake sau ɗaya cikin kwana 75 bai cika wannan suna ba, shi ya sa a bakin mutane ta koma abin ba'a, wasu ma suka bar ta suka ɗauki ta Turancin, suna cewa faliyatif. Waɗanda aka ce za a ba kuwa an kira su "marasa galihu" ko "mabukata". Bahaushe ya san maras galihu: gwauruwa mai marayu, makaho, tsohon da ba shi da kowa. Amma akwai wani rukuni wanda takardun hukuma ba su da gurbinsa, Hausa kuwa tana da sunansa, shi ne mai rufin asiri. Tela ne mai keke, ko ɗan acaɓa mai babur nasa, ko malamin makarantar kuɗi da aka daina biya tun da aka rufe makarantu. Ranar 25 ga Maris ba ya bukatar kowa, ranar 5 ga Afrilu ba shi da ko ƙwayar hatsi. Ba ya cikin jerin kowa, kuma kunya ba za ta bar shi ya shiga layi a kira shi maras galihu a gaban matarsa ba. Waɗannan su ne mafi yawan magidantan Nasarawa. Abin da ya riƙe su shi ne bashin mai shago, da adashi, da kwanon maƙwabci, da abin da masallatai da majami'u da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suka tara, waɗanda suka san yadda a ke kai wa mutum abu da dare ba a tozarta shi ba.

Har wa yau akwai maganar jeri. Ƙaramar hukuma ba ta da rajistar gidaje, ƙidaya kuma ta yi shekara 14. Mai unguwa ya san masu gida, bai cika sanin 'yan haya ba, su kuwa su ne talakawan. A unguwar da Musulmi da Kirista ke zaune ɓangare ɓangare tun bayan rikice-rikicen baya, duk buhun da ya shiga wani layi bai shiga wani ba, an riga an san fassarar da za a yi masa, ko da kuwa ba haka aka nufa ba.

Wannan zargi bai kwanta ba har Oktoba. Ranar Asabar, 24 ga watan, bayan zanga-zangar neman rushe rundunar SARS, jama'a suka fasa wani sito a Barnawa inda aka tara kayan abinci na tallafin Korona, irin wanda haɗakar attajirai da bankuna mai suna CACOVID ta bai wa jihohi. Aka kuma shiga wani sito na hukumar NAFDAC a Narayi aka kwashi magungunan da suka lalace ko aka haramta, har gwamnati ta yi gargaɗi kada a sha. Aka sa dokar hana fita a unguwannin Chikun da Kaduna ta Kudu, sa'an nan aka game jihar duka. Hukumomi suka kira abin sata da wawaso, suka ce kayan ana shirin raba su ne. Masu ɗauka suka ce kayansu ne aka ɓoye. Duk wanda ya bi ma'anar kulle da muka bayyana a baya zai gane daga inda wannan "namu" ta fito, ko da bai yarda da fasa sito ba.

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris 2021. Kalmar tsohuwa ce, riga da kafi, watau ka kafe gari tun maharin bai iso ba, kuma tsofaffi suna tune da lambar agana da ta kawar da wannan cuta. Amma suna tune kuma da gwajin maganin Pfizer a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da ƙin allurar shan inna na 2003. Nan ma ta hannun sarakuna da limamai da fastoci aka bi, su suka miƙa kafaɗa a gaban jama'a.

Ta wajen tsarin mulki an taɓa abubuwa biyu tun daga lokacin. A 2021 gwamnatin jiha ta kafa hukuma guda don birnin Kaduna, ta ɗora mata wasu ayyukan ƙananan hukumomin nan huɗu, abin da ya tuna wa masu tarihi Yankin Babban Birnin Kaduna na 1956, sai dai naɗa shugabanta aka yi. Ranar 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantoma a gurbin zaɓaɓɓu. Na farkon ya matso da ofis kusa da Nasarawa, na biyun ya nufi ƙarfafa Kujama, hanyoyi biyu ke nan da ba su fuskanci wuri ɗaya ba.

Ta wajen ƙamus kuwa akwai aiki a gabanmu. Bargery ya fitar da nasa a 1934, Abraham a 1949, kuma wanda zai sabunta su yanzu dole ya ƙara wa kulle ma'ana, ya ƙara wa takunkumi da killace da tallafi. Bahaushe ya saba lissafin shekaru da masifun da suka wuce, kamar yadda yunwar 1914 ta bar sunan Kakalaba. A Nasarawa yau a kan ce an haifi yaro "lokacin kulle", ko an ɗaura aure "bayan Korona", yaran kuwa sun isa shiga firamare. Ɗaliban kwalejojin horon malamai da ke zuwa koyon aiki a makarantun Kakuri da Nasarawa da Tirkaniya suna iya tambayar iyaye, da Hausa da Gbagyi da Jju da Tibi, wace kalma kowane gida ya kira dokar da ita, su rubuta amsar yadda aka faɗe ta, tare da harshen mai maganar da sana'arsa.